WAI ƘARAMAR JAM'IYYA ASARAR ƘURI'A CE?

Manoma da makiyaya, masunta da maƙera, 'yan tireda da 'yan koli, iyayenmu mata na cikin gida, da samari da 'yan matan da za su fara jefa ƙuri'a a wannan karo, muna gaishe ku baki ɗaya. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya ya karanta wa wanda bai iya ba, ko a zaure, ko a dandali, ko a gindin inuwar kasuwa. In an gama kada a naɗe goro da takardar nan, a miƙa wa na gaba.

Tun da muka fara zagaya ƙauyuka muna neman goyon bayanku, magana ɗaya muke ji ko'ina. Sai dattijo ya saurare mu tsaf, ya girgiza kai, ya ce, "Yaro, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ku ba za ku ci ba. Don me zan zubar da ƙuri'ata a ƙasa?" Ba mu ga laifin mai wannan magana ba. Talaka ba shi da wani jari a siyasa sai ƙuri'ar nan guda, dole ya yi tsimin ta. Saboda haka za mu ba da amsa filla-filla, da shekaru da lissafi, domin kowa ya auna da kansa. Dattawan da ke zaune a nan sun ga yawancin abin da za mu faɗa da idonsu. In mun yi ƙarya su tsayar da mai karatu.

WA YA KASHE HARAJI DA JANGALI?

Ku tambayi kakanninku yadda kaka take a da. Da an cire amfanin gona sai ga mai unguwa da ɗan doka a ƙofar gida, ana neman kuɗin haraji. Wanda bai samu ba ya sayar da akuya, ko ya sayar da hatsin da zai ci da iyali, ko ya gudu ci-rani. Bafulatani kuma a ƙirga masa shanu kai-kai ya biya jangali. Wanda ya gaza, an san abin da ke biyo baya a gidan dagaci.

A ran 8 ga Agusta, 1950, wasu mutane 'yan ƙalilan suka taru a Kano suka kafa NEPU. Ba su da kuɗi, ba su da En'e, ba su da alƙali ko ɗan doka. An ɗaure su, an yi musu bulala, an kore su daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, saboda ta ce mace ma ta yi zaɓe. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta sami kujera 134, NEPU ta sami 8 kacal. Da su Malam Aminu Kano sun bi lissafin "ba za mu ci ba", da tun ran nan sun rufe ofis kowa ya koma gona.

Ba su rufe ba. Shekara 20 bayan haka, a 1979, jam'iyyu biyar suka shiga zaɓe: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. A zaɓen shugaban ƙasa Malam Aminu na PRP ya zo na huɗu, da ƙuri'a wajen miliyan 1 da dubu 700, alhali Alhaji Shehu Shagari ya haura miliyan 5 da rabi. To, amma PRP ta ci gwamna a jiha biyu: Alhaji Abubakar Rimi a Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa, da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Suna hawa kujera suka soke haraji da jangali. Ba a daɗe ba maganar ta fi ƙarfin sauran jihohin Arewa, don babu gwamnan da zai iya ci gaba da karɓar abin da maƙwabcinsa ya yafe.

Ku duba da kyau. Jam'iyyar da ta zo ta huɗu cikin biyar, wadda ba ta taɓa kafa Gwamnatin Tarayya ba, ita ta sauke wa talaka kayan da ya ɗauka tun zamanin Turawa. Mutumin da ya dangwala wa mabuɗi a 1979, ƙuri'arsa ta faɗi ƙasa banza? Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

RANAR DA ƘASA TA TSAYA JIRAN KANO

Akwai wani abu a dokar ƙasar nan da manyan jam'iyyu ba sa son ku sani. Yawan ƙuri'a kaɗai ba ya ba mutum shugabancin Nijeriya. Sai ya fi kowa ƙuri'a, sannan kuma ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Yau jihohi 36 ne, wato sai ya sami rubu'in ƙuri'a a jiha 24. In bai samu ba, sai a koma zagaye na biyu.

A 1979 jihohi 19 ne. Shagari ya sami rubu'in nan a jiha 12. A Kano kuwa, inda talakawa suka bi Malam Aminu, abin da ya samu bai cika kashi 20 cikin 100 ba. Nan fa aka shiga lissafin "sha biyu da biyu bisa uku". Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙoli, wadda ta tabbatar wa Shagari nasara a watan Satumba, ana saura kwanaki kaɗan soja su miƙa mulki. Manoman Kano da ƙuri'unsu suka sa ƙasa duka ta tsaya cik tana jira.

Bayan nan ma, NPN ba ta da rinjaye a Majalisar Tarayya. A Majalisar Wakilai tana da kujera 168 cikin 449, a ta Dattijai 36 cikin 95. Dole ta nemi NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe, wadda ta zo ta uku, suka ƙulla yarjejeniya, har NPP ta sami kujerar Kakakin Majalisar Wakilai da ministoci. Babba ne ya je ƙofar ƙarami yana sallama.

Maƙwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan ƙarara. A 1993 Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma na uku, Mahamadou Issoufou, da sauran ƙananan jam'iyyu suka mara wa Mahamane Ousmane baya, shi ya ci. A 2011 kuma Hama Amadou ya zo na uku, ya juya wajen Issoufou, Issoufou ya ci. A nan gida ba a taɓa zuwa zagaye na biyu a zaɓen shugaban ƙasa ba tukuna, amma ƙofar tana nan a buɗe cikin doka. Ranar da aka je, na uku shi ke riƙe da linzami.

AN TAƁA GWADA MANA BIYU TAK

Masu cewa jam'iyya biyu ta ishe mu, su tuna an gwada. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙi yi wa ƙungiyoyin da jama'a suka kafa rajista, ta ƙirƙiro nata guda biyu, SDP da NRC, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi, ta ce kowa ya shiga ɗaya. Aka yi zaɓen 12 ga Yuni, 1993, tsakanin Cif Moshood Abiola da Alhaji Bashir Tofa. Ƙarshenta aka soke zaɓen, ƙasa ta koma hannun soja har 1999. Biyun nan ba su hana komai ba.

Ko 'yancin kafa jam'iyya da muke da shi yau, ba kyauta aka ba mu ba. A 1999 uku kawai aka bari: PDP, APP da AD. Sai da su Balarabe Musa da lauya Gani Fawehinmi suka ja da hukumar zaɓe har Kotun Ƙoli, a 2002 kotu ta rushe sharuɗɗan da aka gindaya don toshe ƙofa. Abin da aka samu da gumi, bai kamata a yar da shi don wani ya ce ba shi da amfani ba.

KOWACE BABBA DA ƘARAMA TA FARA

An kafa CPC a 2009. A 2011 ba ta da gwamna ko ɗaya lokacin da ta shiga zaɓe. Janar Muhammadu Buhari ya sami ƙuri'a sama da miliyan 12, bai ci ba, jam'iyyar ta tsira da gwamna guda a Nasarawa. A lokacin ma an ce wa mutane sun yi asara. Ashe ƙuri'un nan miliyan 12 su ne jarin da CPC ta ɗauka ta kai teburin haɗaka a 2013, inda ita da ACN da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC. A 2015 haɗakar nan ta kayar da jam'iyyar da ta yi shekara 16 tana mulki, karo na farko a tarihin ƙasar nan da shugaba mai ci ya faɗi zaɓe. Ba muna yabon abin da ya biyo baya ba ne, kowa ya san abin da ya gani a gidansa. Abin da muke nuna muku shi ne, ƙuri'ar da ba ta ci yau ba tana nan a rubuce, kuma da ita ake ciniki gobe.

Sai mu zo kusa, zaɓen 2023. Bola Ahmed Tinubu na APC ya sami ƙuri'a 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya sami 6,984,520. Peter Obi na LP ya sami 6,101,533, ya ci jiha 11 da Abuja, har da Legas. Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya sami 1,496,687, ya ci Kano. Ku haɗa na LP da na NNPP, za ku ga sun haura miliyan 7 da rabi, sun fi na PDP. A shekarar LP ta ci gwamna a Abiya, NNPP ta ci a Kano. A Anambra kuwa APGA ta fara mulki tun 2006, manyan jam'iyyu suka yi ta ƙoƙarin ƙwacewa zaɓe bayan zaɓe, abin ya gagara.

Ga kuma lissafin da ya fi duka tsoratarwa. Mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista a 2023, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su cika miliyan 25 ba. Wajen miliyan 68 suka zauna a gida. Wanda ya ci bai kai miliyan 9 ba. To, wace ƙuri'a ce ta zube ƙasa? Ta wanda ya tsaya a layi ya zaɓi abin da ya yarda da shi, ko ta wanda ya bar katinsa a ƙarƙashin tabarma?

CIWON DA KE KASHE ƘANANAN JAM'IYYU

Ba za mu yi muku rufa-rufa ba. Ƙananan jam'iyyu da yawa sun mutu, kuma ba duka ne aka kashe su ba, wasu su suka kashe kansu. Gara ku ji ciwon daga bakinmu, don ku san abin da za ku riƙe mu da shi.

Na farko, kai ba jiki. A Kaduna a 1979 jama'a sun zaɓi gwamnan PRP, amma suka cika majalisar jiha da 'yan NPN. Balarabe Musa ya yi ta kai sunayen kwamishinoni ana mayar masa da su. A watan Yuni na 1981 majalisar ta tsige shi, bai cika shekara biyu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wanda ya zaɓi gwamna ya bar shi ba 'yan majalisa, ya tura shi daji ba sanda.

Na biyu, rabuwar kai. PRP ɗin nan da ta kashe haraji, kafin a je ko'ina ta dare biyu, santsi da taɓo. Malam Aminu ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, gida a rabe. Rimi ya koma NPP ya tsaya takara, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. 'Yan gida ɗaya suka ƙare ƙarfinsu a kan juna.

Na uku, jam'iyyar takarda. A 2019 jam'iyyu 91 ne ke da rajista, 'yan takarar shugaban ƙasa 73, takardar ƙuri'a kamar zanin ɗaurawa. A watan Fabrairu na 2020 hukumar zaɓe ta soke rajistar 74 daga cikinsu, saboda doka ta ce jam'iyyar da ba ta ci ko kujera guda ba, ko ta kansila ce, kuma ba ta kai ƙuri'ar da aka ƙayyade ba, ana iya share sunanta. Wannan ya nuna muku ƙuri'arku ta kansila da ta ɗan majalisa ita ce numfashin ƙaramar jam'iyya.

Na huɗu, sauya sheƙa. Ku sha rana ku zaɓi mutum, ya je Abuja ya ga motoci, ya tattara ya koma wajen waɗanda kuka ƙi. Tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu. Ta wannan kafa suke zurarewa.

Na biyar, kuɗi. A 2022 takardar neman takarar shugaban ƙasa a APC naira miliyan 100 ce, a PDP miliyan 40. Mu ba mu da irin wannan, kuma ba ma fata. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda attajiri ya saya wa takara, attajirin zai yi wa aiki.

"KUNA RABA ƘURI'A"

Wasu za su ce muku mu 'yan ɓata ruwa ne, muna raba ƙuri'ar adawa don mai mulki ya wuce. Lissafin 2023 ya nuna cewa in 'yan adawa suka rabu, mai kashi 37 cikin 100 yana iya ci. Ba mu musa ba. Amma ku tambayi mai maganar: ƙuri'ar taku gadonsa ce da zai ce an raba masa? Me ya yi muku a shekarun da kuka ba shi? Ba mu ƙi haɗin gwiwa ba, in an zauna a kan taki da ruwan sha da tsaron ƙauye da makarantar yara, aka rubuta aka sa hannu a gaban jama'a. Sai dai ba a kiran mai hannu wofi wurin ciniki. Yawan ƙuri'ar da kuka ba mu shi ne nauyin bakinmu in an zauna. Mai neman mu janye tun kafin a ƙirga, so yake ya same ku kyauta.

Kuma ku lura da abin da ke faruwa a mazaɓar da babbar jam'iyya ta tabbata tata ce ko ta yi ko ba ta yi ba. Nan ne rijiyar burtsatse ke lalacewa shekara uku ba a gyara ba. Nan ne taki ke zuwa bayan gero ya fitar da kai. Nan ne ɗakin shan magani ke zama ba malami. Amma duk inda aka kusa kayar da ɗan majalisa, za ku ga ya san hanyar garin, har gaisuwar mutuwa yana zuwa. Ko ba mu ci kujerar ba, ƙuri'ar da kuka ba mu bulala ce a hannunku.

ABIN DA MUKE ROƘONKU

Ba mu zo mu ce muku gobe za mu kwana a fadar shugaban ƙasa ba. Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Abin da muka sani shi ne ƙasar nan tana da mazaɓu 8,809, da ƙananan hukumomi 774, da kujerun wakilai 360, da na dattijai 109. Daga ƙasa ake fara gini. Da yayyafi kogi kan cika.

Ɗaya, kowa ya nemo katin zaɓensa tun yanzu, ya ajiye inda ruwa da gara ba za su taɓa shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ba kowa katinka, ko da ya ce zai rubuta sunanka a tallafi.

Biyu, ku haddace alamarmu da ke bangon wannan takarda. A takardar ƙuri'a ba a sa hoton ɗan takara, alamar jam'iyya kawai za ku gani. Ku nuna wa tsofaffi da mata. Ranar zaɓen tarayya takarda uku za a ba ku: ta shugaban ƙasa, ta ɗan Majalisar Dattijai, ta ɗan Majalisar Wakilai. Ranar zaɓen jiha kuma ta gwamna da ta ɗan majalisar jiha. Ku dangwala a cikin akwatin da ke gefen alamar, kada tawada ta tsallaka layi. Ku tuna da Kaduna, kada ku bar ta majalisa.

Uku, ku tsare akwati. Rumfunan zaɓe 176,846 ne a ƙasar nan a 2023, kuma ba mu da kuɗin hayar wakili a kowace. Ku ne wakilanmu. Kowace rumfa a sami mutum biyu masu amana da suka iya karatu. In an gama jefawa kada a watse. A tsaya a ƙirga a gabanku, a rubuta a takardar sakamako, wakilinmu ya sa hannu ya karɓi kwafinsa, a manna ɗaya a bango. Ba zagi, ba sanda, ba gora. Wanda ya tayar da rikici, maguɗi yake wa hanya.

Huɗu, masu zuwa da dare da taliya da sabulu da atamfa. A ce an ba ka naira 5,000. Shekara huɗu kwana 1,461 ne. Raba ka gani: bai kai naira 4 a rana ba. Da wannan za a sayi bakinka, ka rasa ta cewa in an kai matarka asibiti ba magani. A bayan labulen zaɓe ba mai ganinka sai Allah.

Mu kuma ga abin da muka ɗauka a wuyanmu, ku riƙe wannan takarda shaida. Duk wanda kuka zaɓa a ƙarƙashin tutarmu zai dawo mazaɓarsa ya tsaya a gabanku ya faɗi abin da ya karɓo da inda ya kai shi. Wanda ya ga zai koma wata jam'iyya, ya ajiye muku kujerarku tukuna, ya dawo ya sake neman ta da sabuwar rigarsa. In ya ƙi, mu za mu fara kai shi kotu.

Iyayenmu mata, ku aka fi daɗewa ana hana wa wannan dama. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba sai 1979, bayan 'yan'uwansu na Kudu sun daɗe suna yi. Waɗanda suka sha ɗauri don ku samu, 'yan ƙaramar jam'iyya ne. Ku fito da sassafe, ku fito da 'ya'yanku da suka kai shekara 18.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ƙauyukanmu da hanyoyinmu, ya sa a yi zaɓe lafiya a gama lafiya. Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Amin.